Jan mai siki da na'urar riƙe gudu: yadda ake yi a Lagdo da kogin Binuwai

Idan ƙato mai kilo 80 ya kwanta a kan igiya ya yanko bayan jirgi daga hagu zuwa dama, direba yana jin abin har cikin kujerarsa. Gindin jirgi ya karkace, inji ya yi nishi, gudu ya sauka. Da mutumin ya sassauta, sai jirgi ya zabura kamar dokin da aka sakar wa linzami. Wannan ja da saki shi ne wahalar jan mai siki, wato mai zamiya a kan ruwa da allo a ƙafa jirgi yana jansa da igiya, domin wanda ke baya gudu ɗaya tak yake so daga farko har ƙarshe. In ya ragu, ƙafarsa ta nutse. In ya ƙaru, ruwa ya yi masa tauri kamar daɓe.

Na daɗe ina bin wannan da hannu, ido ɗaya a kan agogon gudu ɗaya a kan ruwa, kafin maigidan da nake tuƙa wa ya sayo jirgi na hannu daga waje mai na'urar riƙe gudu. Irin waɗannan jirage ba su da yawa a wajenmu, arewacin Kamaru. Daga Garwa har Injamena abin da ya cika ruwa shi ne jirgin katako da Yamaha 40 a gindinsa, kuma shi ba ruwansa da wannan zance. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke akwai a hannun masu masaukin baƙi da masu hali, 'yan'uwanmu ne ke tuƙa su, kuma galibi makulli kawai ake miƙa musu. Ko da littafin na'urar ya zo, da Ingilishi yake, mu kuwa Faransanci muka ɗan taɓa. Don su na zauna na rubuta abin da na sani.

Fara da sanin wadda ke jirginka

Sunaye biyu za ka fi cin karo da su: PerfectPass ta wani kamfanin Kanada, da Zero Off ta Amurka. Ana samunsu a jiragen da aka ƙera musamman don wannan wasa, irin su MasterCraft, Nautique da Malibu, waɗanda injinsu ke cikin ciki, farfela kuma a ƙarƙashin jirgi. Wasu sababbin injinan rataye na Mercury suna da nasu tsarin mai suna Smart Tow. Kowanne dai, tambaya biyu za ka yi masa.

Ta farko, da me yake auna gudu? Akwai mai sauraron tauraron ɗan Adam, wato GPS, ta wani ɗan faifai da ake ɗorawa kusa da gilashin gaba. Akwai mai 'yar fanka a ƙarƙashin jirgi wadda ruwa ke juyawa. Akwai kuma yanayin da na'urar ba ta kula da gudu sam, juyin inji a minti kawai take riƙewa. Riƙe wannan bambancin da kyau, domin shi ne zai dawo mana idan mun shiga kogi.

Ta biyu, ta ina yake taɓa totur? A tsohon jirgi mai kebul, za ka ga wani ƙaramin injin lantarki an ɗaure shi a jikin babban inji, da 'yar igiya da ta haɗa shi da kebul ɗin totur. Shi ke ja, shi ke saki. Yawancin PerfectPass haka suke. A sabon jirgi babu kebul: hannun totur saƙon lantarki yake aika wa kwamfutar inji, na'urar kuma ta shiga tsakani. Zero Off da irin wannan injin take aiki. Buɗe murfin inji ka duba, minti ɗaya ya isa ka gane.

Abu guda ya haɗa su duka, kuma shi ne abin da ya kamata ya zauna a ranka: da ka ja hannun totur baya, na'urar ta saki. Ba ta da ikon hana ka rage gudu ko tsayawa. Shi ya sa hannun damanka ba ya barin totur ko da ta karɓi aiki.

Kafin jirgi ya bar gaɓa

Batir tukuna. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan inji a kashe yake, kuma wajen 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Batirin da ya yi rauni zai iya tayar maka da inji amma ya ruɗa na'ura: fuskarta ta mutu ta dawo, ko ɗan injin totur ya rasa ƙarfin ja. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da ake wuce digiri 40, yana cin batir da wuri. Duba kawunan batir, in sun yi farin gari ka kankare ka ɗaure tamau.

Sai mai. Na san zuwa-zuwa ya fi araha kuma shi ne a bakin hanya, amma injin da ke da injekta ba ya yafe ruwa ko ƙura. Idan dole ta sa ka saya, zuba kaɗan a farar kwalba ka bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa. Tace kafin ka zuba, kuma ka riƙa juye kofin filta mai raba ruwa da mai. Injin da ke tari saboda gurɓataccen mai, babu na'urar da za ta daidaita masa gudu. Sau da yawa ana zagin na'ura alhali laifin jarka ne.

In jirginka mai kebul ne, murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka saurara. Ɗan injin zai yi motsi ya naɗe igiyarsa. Sannan ka tura hannun totur gaba da baya, wani yana kallon inji: kebul ya tafi sumul, sifirin ɗin da ke mayar da totur ya mayar da shi har ƙarshe, kada wata waya ko tiyo ta tokare hanya. Ƙurar hunturu tana shiga nan ta daskare.

In mai GPS ne, kunna shi a fili ka jira ya kama taurari. Jirgin da ya daɗe a ajiye yakan ɗauki 'yan mintoci. Hazo ba ya hana shi, gajimare ma haka, amma ƙarfe yana hanawa. Na ga inda aka yi wa jirgi rumfar kwano don inuwa, ta rufe faifan, aka yi ta neman abin da ya lalace.

Na ƙarshe a nan shi ne wanda ya taɓa cutar da yaro a hannuna, don haka ba na wasa da shi: duba ma'aunin da na'urar ke ƙirga da shi. Jiragen nan yawanci daga Amurka suka fito, da mil suke lissafi, mu kuwa da kilomita muka saba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A makon farko da jirgin ya zo, ɗan maigida ya ɗaura allonsa ya ce, "Baba direba, sa mini 35." Na sa 35. Shi kilomita yake nufi, ni ma haka, na'ura kuwa mil ta ji, wato kilomita 56. Na ji iska ta yi yawa na ja totur baya, amma bakin allon ya riga ya ci ruwa, yaron ya kifa da fuska. Allah ya taƙaita, kwana biyu ya yi da ciwon wuya. Tun ranar, abin da na fara karantawa a fuskar na'ura shi ne ƙananan haruffan da ke gefen lamba. Shiga saituna ka mayar da ita kilomita, ka sake dubawa duk lokacin da aka cire batir.

Wane gudu za ka sa

Gudun ba na direba ba ne, na wanda ake ja ne, kuma nauyinsa da gwanintarsa da abin da ya taka su ke yanke shi. Ga inda nake farawa, duk da kilomita a awa:

- Yaro ƙarami a kan siki biyu: 20 zuwa 26.
- Babba a kan siki biyu: 30 zuwa 40.
- Mai koyon siki ɗaya: 40 zuwa 46.
- Mai koyon wekbod, wato faffaɗan allon da ake takawa a karkace: 24 zuwa 29.
- Wanda ya ƙware a wekbod: 34 zuwa 39.
- Mai hawan raƙumin ruwa dab da gindin jirgi ba tare da igiya ba: 16 zuwa 19.

Wannan na ƙarshen, kada a kuskura a yi shi a bayan injin rataye. Farfelarsa a fili take, mutum kuma taku kaɗan ne tsakaninsa da ita. Ko a jirgi mai inji a ciki, hayaƙin salansa yana taruwa a gindi, yana da guba, gubar kuma ba ta wari, don haka kada kowa ya zauna a dandamalin baya inji yana aiki.

A gasar duniya ta zagaya ƙwallaye, gudu yana hawa da uku-uku, 43, 46, 49, 52, har ya tsaya a 55 ga mata, 58 ga maza. Filin mita 259 ne, ƙwallaye shida, igiya tana farawa daga mita 18.25 ana rage ta. A gudun 58 jirgi yana ratsa filin cikin daƙiƙa 16.08, a 55 kuma 16.95. Don a cika wannan lissafi daidai ga kowane ɗan wasa aka ƙirƙiro na'urorin tun farko. Mu ba gasa muke ba, amma lambobin suna nuna maka cewa 55 gudun gwanaye ne, ba na baƙon da ya zo hutun ƙarshen mako ba.

In kana shakka, fara da ƙasa. Ƙara gudu ga mutumin da ke tsaye abu ne mai sauƙi.

Tashi daga ruwa

Mutum uku ake bukata: kai, wanda ake ja, da mai lura da ke zaune yana fuskantar baya. Madubi ba ya maye gurbinsa. Wanda ake ja ya sa rigar ceto da ta kama shi sosai, ko da ya ce shi ɗan masunta ne, domin faɗuwa a gudu tana iya ɗauke numfashi. Ku yi yarjejeniyar alamu tun a gaɓa: babban yatsa sama, ƙara, ƙasa, rage, hannu a kan maƙogwaro, tsaya, dafa kai, a koma gida, in ya faɗi kuma lafiya yake, ya haɗa hannu biyu a saman kai.

1. Jirgi yana firi, kunna na'ura, zaɓi irin wasan, sa gudun. Faɗi lambar da ƙarfi mai lura ya ji, ya maimaita wa na cikin ruwa.
2. Sa giya a hankali ka ja har igiya ta miƙe. Kada ka taɓa fizga da igiya a kwance.
3. Dubi gabanka. Sai ka tabbata hanya a buɗe take sannan ka saurari kiran na baya.
4. Da ya ce a tafi, tura totur da hannunka. Nan na'ura ba ta shigo ba tukuna, tashin naka ne. Mai wekbod da yaro turi mai taushi suke so, allon yana da faɗi, da kansa yake hawa ruwa. Ƙato a kan siki ɗaya sai ka ba shi wuta sosai, in ba haka ba zai yi ta shan ruwa yana jan jirgi.
5. Ci gaba da turawa sannu har jirgi ya kwanta ya kusanci gudun da ka sa. Za ka ji ƙara, tit, ko ka ga alama a fuskar na'ura. Ta karɓa ke nan.
6. Ƙara tura hannun totur gaba kaɗan, ka bar shi nan, tafinka a kai.

Mataki na shida shi ne inda aka fi kuskure. Na'urar ba ta iya ba inji wutar da ta wuce inda hannun totur ya tsaya. Hannun shi ne rufin ɗaki, ita a ƙarƙashinsa take kai da kawowa. In ka tsayar da shi daidai inda ta karɓa, da mai siki ya ja, za ta nemi ƙari ta rasa, gudu ya faɗi, ka ce ta lalace. In kuma ka danna shi da ƙarfi tun daga tashi har ƙarshe a jirgi mai kebul, jirgin zai wuce lambar kafin ta kamo shi, mai wekbod ya sha fizga sannan igiya ta yi sako-sako. Da tsakar rana a bazara iska mai zafi tana rage wa inji ƙarfi, haka ma in jirgi ya cika da mutane ko an cika tankunan nauyi da ruwa don raƙumi ya yi girma. A irin wannan hali rufin yana bukatar ɗagawa fiye da na safiya.

Mai Smart Tow yana da zaɓin tashi biyar, daga mai taushi zuwa mai ƙarfi. A nan ka zaɓi lamba, ka tura totur, na'ura ta yi tashin da kanta. Gwada kowanne babu kowa a igiya kafin ka ɗaura wa mutum.

In na baya ya nuna yatsa sama, danna maɓallin ƙari sau ɗaya ko biyu, ka jira ya ji bambancin. Kada ka ƙara da hannun totur. Rabin kilomita ma ana jinsa a ƙafa.

Kogi ba tafki ba ne

Nan ne littattafan Turawa suke wucewa da sauri, domin su galibi a tafki suke wasa, mu kuwa rabin ruwanmu mai tafiya ne.

A Lagdo, tafkin da ya samu bayan an gama madatsar a 1982, ruwa kusan a tsaye yake, haka ma a tafkin Maga. A irin wannan wuri GPS ba shi da na biyu. Iska ta buso daga gaba ko daga baya, a ƙara mutum a rage mutum, lambar tana nan inda ka sa ta.

Amma GPS gudun jirgi a kan doron ƙasa yake aunawa. Bai san ruwa yana tafiya ba. Shi kuwa siki ba ƙasa yake takawa ba, ruwa yake takawa. A ce ka sa 32 a Binuwai, ruwa kuma yana gangarawa da kilomita 4 a awa. Idan kana haurawa, sai jirgi ya keta ruwa da 36 kafin GPS ya ga 32. Idan ka juyo kana gangarawa, 28 ta ishe shi, sauran huɗun kogi ne ya ba shi kyauta. Fuskar na'ura tana ce maka 32 a duka biyun, na baya kuwa ya ji bambancin kilomita 8. Haurawa hannunsa kamar zai tsinke, gangarawa allonsa yana nutsewa, raƙumin ruwan ma ya sauya kama. Zai ce direba ya kasa, kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa.

Maganin yana farawa da auna ruwan. Hanya mai sauƙi: je tsakiyar inda za ku yi wasa lokacin da babu iska, sa firi, bar ruwa ya tafi da kai minti ɗaya, karanta GPS. Abin da ya nuna shi ne gudun kogi. Hanyar da ta fi inganci: kashe na'ura, tsayar da inji a juyi ɗaya, misali 3000, ka haura ka rubuta gudu, ka gangaro a layi ɗaya ka rubuta. In ka sami 30 da 38, bambanci 8 ne, rabinsa 4, shi ne ruwan.

Daga nan zaɓi uku ne. Wasu jiragen masu Zero Off suna da yanayin kogi: ka shigar da gudun ruwa, sannan duk juyowa ka danna ka gaya mata haurawa kake ko gangarawa. In babu, yi lissafin da kanka: mai son 32, sa masa 28 a haurawa, 36 a gangarawa, ka sauya lambar kana cikin kwana. Na uku, in na'urarka tana da 'yar fanka ko yanayin juyin inji, koma can. 'Yar fanka ruwa take aunawa, kogi ba ya ruɗa ta. Juyin inji ma haka, sai dai shi iska da nauyi suna taɓa shi, kuma sai ka nemo wa kowane mutum juyin da ya dace da shi. Ni a Binuwai juyin inji nake zaɓa ga masu koyo, domin yana rage mini danne-danne, idona ya zauna a kan ruwa.

Kada ka auna sau ɗaya ka ce ka gama. Ruwan Garwa na Agusta da Satumba, lokacin da Mayo Kebbi ke zubo nasa kuma wataƙila an buɗe ƙofofin Lagdo, ba shi ne na Fabrairu ba, sa'ad da yashi ke fitowa tsakiyar kogi. A Injamena da Kuseri, inda Logon ke haɗuwa da Shari, cikar ruwa takan kai wajen Oktoba da Nuwamba. Ko a rana ɗaya, tsakiyar kogi ya fi gefe gudu, bayan kwana ya fi cikinta. In ruwa ya yi ja yana ɗauko itace da ciyawa, a haƙura da wasan, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ƙarƙashin gada kuma GPS yana iya ɗaukewa na ɗan lokaci, don haka kada ka ratsa gadar Garwa da mutum a igiya.

Ja mai taushi, ja mai tsauri

Bayan gudu akwai yadda na'ura ke amsa jan mai siki. A Zero Off za ka ga haruffa A, B, C da lambobi 1, 2, 3. Harafi yana nuna saurin amsa: A tana ɗan jinkirtawa, C nan take. Lamba tana shafar ƙarfin amsar da yadda inji ke sakinta. Bar shi a B2 sai in gwani ne ya nemi wani abu da bakinsa. A PerfectPass akwai lamba mai suna KDW: in ta yi ƙasa jirgi mai nauyi yana kasala wajen dawowa gudu, in ta yi sama inji ya riƙa haushi yana sauka. Rubuta lambar da ka tarar kafin ka taɓa, ka sauya kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Kwana da faɗuwa

A kwana jirgi yana rage gudu, na'ura ta ƙara wuta don ta cike. In kwanar ta yi tsini, za ka ji inji ya yi ruri, da ka miƙe kuma jirgi ya zabura, na baya da ke wajen da'ira ya wulwulo da gudun da ya fi na jirgi nesa. Yi kwana mai faɗi. Da mai koyo, gara ka ja totur baya kaɗan ka karɓi aikin da hannu, ka mayar mata bayan kun miƙe.

Da mai lura ya ce ya faɗi, ja totur baya gaba ɗaya, bar jirgi ya zauna, sannan ka juyo a hankali. Na'ura ba ta san igiya ta zama wofi ba, za ta ci gaba da gudunta har inda mai ya ƙare. Tunkari wanda ya faɗi ta gefen da kake zaune don kada ya ɓace maka, a kogi kuma ka zo masa daga ƙasa kana haurawa, yadda ruwa zai kawo shi gare ka maimakon ya tura jirgi kansa. Kashe inji kafin ya kama tsani. Firi bai isa ba.

Igiyar kashe inji kuma, wadda ke kashe shi in ka faɗo daga kujera, a ɗaure take a jikinka tun daga gaɓa. Jirgi mai riƙe gudu da ya jefar da direbansa ba ya sassautawa.

Ruwan ba namu kaɗai ba ne

Amfanin na'urar na gaskiya shi ne ta ɗauke idonka daga agogo ta mayar da shi kan ruwa, kuma a Lagdo akwai abin kallo. Akwai tarun masunta da ba ka ganin komai nasa sai 'yar gora ko jarka tana lilo. Akwai kututturan itatuwa da duwatsu da ke matsowa sama idan ruwa ya ja baya da rani. Akwai dorina, a Lagdo, a Maga, a Binuwai har cikin Garwa, da Shari. Mutumin da ya faɗi yana jiran jirgi ba shi da abin yi in ta taso.

Kafin in buɗe sabon layi, sai na je wurin sarkin ruwa ko dattijon masunta na wurin na gaishe shi. "Baba, ina aka zuba taru yau, ina kuma dorina ta kwana?" Amsar da zai ba ka babu na'urar da ke da ita. Sannan in bi layin a hankali babu kowa a igiya, ina duba zurfi. Ƙasa da mita ɗaya da rabi ba na jan kowa, mai tsalle da wekbod kuwa ya fi haka bukata. Tsakanina da kwalekwale ko masu wanki ba na yarda ya gaza mita 100, domin raƙumin jirgin da aka cika wa tankunan nauyi yana iya kifar da kwalekwale da kifinsa da yaran da ke ciki. Bakin madatsa wuri ne mai tsaro, a nisance shi. A Logon da Shari kuma ka tuna a wurare da dama ruwan iyakar Kamaru da Cadi ne, ka nemi izinin hukuma tukuna. Baƙi kuma a gaya musu gaskiya cewa ruwan gefe mai ciyawa yana ɗauke da tsargiya, su shiga daga jirgi a wuri mai zurfi, in sun ga jini a fitsari daga baya su je asibiti.

In ta fara shirme

Ruwa ba ya tsami banza. In gudu yana hawa yana sauka, fara da mai da filta, sannan kebul da sifirin, sannan 'yar fanka, wadda kainuwa ko zaren taru ke naɗewa. Farfelar da ta daki dutse ta lanƙwashe ma tana kawo haka, tare da karkarwa a ƙasan jirgi. In ba ta karɓa sam, duba ko GPS ya kama, ko lambar da ka sa ta fi ƙarfin jirgin da lodin da ke ciki. In fuskarta tana mutuwa, batir ne ko fis ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa. In kana so ka tabbatar da gaskiyar gudunta, buɗe GPS na wayarka a Lagdo da safe ka gwama su. 'Yar fanka takan kauce, kuma akwai wurin gyara ta a saituna.

Duk abin da ya faru kana jan mutum, kada ka tsaya danne-danne. Ja totur baya, kashe na'ura, ƙarasa da hannu. Saboda wannan ranar nake sa duk yaron da nake koya wa tuƙi ya yi mako biyu yana riƙe gudu da hannu kafin in nuna masa maɓalli.

Ajiye ƙaramin littafi a jirgi: sunan mai wasa, abin da ya taka, tsawon igiya, gudu, yawan mutanen da ke ciki, da gudun ruwa in a kogi ne. Wasu na'urorin suna adana wannan da kansu, amma cire batir ko taɓin yara yana iya share shi. Idan an tashi, goge fuskar na'ura da tsumma mai laushi ka rufe ta, rana tana ƙona gilashinta har lambobi su dushe. Ciro ciyawa daga matatar ruwan sanyaya inji. In jirgi zai kwana biyu a ajiye, cire kan batir, ka toshe ramukan da ɓera ke bi, domin wayoyin bayan sitiyari su yake fara ci, kuma ba a samun irinsu a kasuwar Garwa.